Atisho a Garkar Gida: Jawabin Kwamitin Garake ga Taron Ƙungiya

 

Iyayenmu dattawa, malamai, masu gari, iyayenmu mata, da ku 'yan'uwanmu 'yan biɗa, na zaune nan da waɗanda takardar ga za ta iske a Abijan, Legas, Duwala, Sabha ko Tamanrasat, muna gaishe ku. Allah shi ja kwanan manya, shi tsare na kan hanya, shi maido kowa gida lafiya.

Taron da ya wuce ya ɗora mana aiki guda: mu bincika batun wani shuka da ake kira atisho, mu kawo ma jama'a bayani. Dalili kuwa kun san shi. Waɗansu 'yan'uwanmu da sunka yi aikin gona a Aljeriya sun ga yadda ake nomansa can, sun ga kuɗin da yake kawo ma masu gonaki, sai sunka kawo shawara a ɗebi wani kashi na asusun ƙungiya, wanda anka tara domin rijiyar garka, a buɗe fage guda na atisho. Waɗansu ma ba su jira taro ba, sun riga sun aiko ma iyalinsu iri, an ce a shuka bayan ɗaki. To, magana ta taɓa kuɗin jama'a, ta kuma taɓa wuyan matan da za su ɗauko ruwan. Don haka ba za mu yi ta a gurguje ba.

Dattawa da yawa ba su taɓa ganin abin ba, bari mu kwatanta. Tsiro ne mai manyan ganyaye masu tsaga-tsaga, launinsu toka-toka, ganye ɗaya yakan wuce kamu. Tushe guda idan ya ƙoshi yakan kai ƙugun mutum ko ya ɗara, ya baje ya cinye fili mita ɗaya kowane gefe. Abin da ake ci shi ne tohon furensa tun bai buɗe ba. Yana fitowa a kan kara, girman dunƙulen hannu, ɓawo bisa ɓawo kamar baibayar ɗaki. Idan an ɓare ɓawon sai a iske wani gindi mai laushi a ciki, da gashi-gashi bisansa wanda ake kankarewa. Gindin nan da ɗan naman da ke manne a ƙasan ɓawo, su ne abincin. Cikin kilo guda abin da ke shiga baki bai kai rabi ba, sauran na awaki ne. In kuwa an yi sake toho ya buɗe, sai ya zama fure mai launin shuni, kyakkyawa ga ido, amma ya bar amfanin tukunya.

Danginsa ɗaya da salati da shuwaka, shi ya sa ganyensa ke da ɗaci. A Aljeriya ana ce masa ƙarnun, a Tunisiya ganariya, a Masar harshuf. Malamanmu za su so jin wannan: sunan da Faransawa ke kiransa, wanda mu munka juya munka ce atisho, asalinsa daga Larabci ya fito, daga harshuf ɗin nan, ya bi ta bakin mutanen Sifen da Italiya kafin ya isa Faransa.

Gidansa gaɓar tekun Bahar Rum. Masar, Italiya da Sifen su ne manyan masu nomansa a duniya, Aljeriya na biye da su kusa. A Aljeriya yankin Relizan ya yi suna da shi, a Masar kuwa jihar Buhaira, kusa da Iskandariyya. A waɗannan wurare ana dasa shi ƙarshen zafi, wajen watan Agusta da Satumba, ya girma cikin sanyi, a yi ta yanka daga Nuwamba ko Disamba har Afrilu. 'Yan'uwanmu da sunka gani da idonsu ba ƙarya sunka faɗa ba, noma ne mai kuɗi a can. Tambayarmu ita ce ko abin da ya sa ya yi can akwai shi nan Bambeye.

Abu na farko sanyi. Atisho yana son rana mai digiri 20 zuwa 24 a ma'aunin zafi, da dare mai digiri 12 ko ƙasa. Bayan haka yana da wata ɗabi'a da hatsinmu ba ya da ita: ba ya fid da toho yadda ya kamata sai ya sha sanyi na ƙasa da digiri 10 na wani lokaci yana ƙarami. Irin da ya fi kowane sauƙin kai yana buƙatar wajen awa 200 zuwa 250 na wannan sanyi, kamar kwana goma cur ke nan in an haɗa. Tsofaffin iri sun fi haka buƙata. Kuma idan rana ta yi zafi sosai bayan daren sanyi, zafin yakan warware abin da sanyi ya ƙulla.

To, mu dubi namu. Idan ɗari ya sauko a Disamba da Janairu, tsofaffi na kwana gefen wuta, yara na maƙyarƙyata da safe, mukan ce sanyi ya kai iyaka. Amma ma'auni ba ya jin abin da fata ke ji. A Tawa, cikin watannin nan biyu, matsakaicin sanyin asuba yana tsayawa wajen digiri 15 ko 16, da rana kuma zafi ya koma kusan 30. Gaskiya ne cikin kwari da fadama sanyi ya fi na tudu, akwai dararen da yakan sauka ƙasa sosai, amma 'yan awoyi ne kafin hantsi, kuma ba kowace shekara ba. Iskar hunturu ce ke sa mu ji kamar ƙanƙara za ta zuba. Shi kuwa atisho iskar ba ta ƙara masa komai sai yage ganye da shanye danshi.

Ga kuma tsawon lokaci. Daga iri zuwa yanka yana cin wata biyar zuwa shida. Wanda ya shuka farkon Oktoba, yankansa zai faɗo a Maris, lokacin da zafi ya fara tashi, ya doshi digiri 40 da ɗoriya na Afrilu da Mayu. Idan zafi ya wuce 30, toho yakan fito ƙarami, ya yi saurin buɗewa, ɓawon ya yi tauri, cikin ya yi zare-zare kamar kaba. Wato daidai lokacin da za a ci moriyar wahala, shi ne lokacin da yanayinmu ke juya masa baya. A gaɓar teku tushe ɗaya yakan yi shekara uku ko huɗu ana yanka, ana kuma cire 'ya'yan da ke tsirowa a gindinsa a dasa wani wuri, ba sai an sayi iri ba. Nan kuwa, tsakanin zafin bazara, gara, da ruwan damana da ke kwanciya a gindi ya ruɓar da shi, bai kamata kowa ya sa rai tushe zai ƙetare shekara ba. Kowace kaka sai sabon iri daga waje.

In akwai inda atisho zai sami wurin zama a ƙasarmu, to duwatsun Abzin ne, irin su Bagzan da Timiya, inda sanyin ɗari kan kai ruwa ya daskare wasu darare, inda ake noman alkama, tafarnuwa, lemu da inabi. Adar tana da duwatsu, amma ba su yi tsawon da za su ba mu wannan sanyin ba.

Abu na biyu ruwa, kuma nan ne muke roƙon maza su kasa kunne da kyau, domin yawancinmu ba mu nan lokacin da ake jan guga. A rani, fili mita ɗaya na garka yana shan lita 6 zuwa 8 kowace rana, in bazara ta kama ya fi haka. Atisho tushe guda shi kaɗai ke riƙe wannan mita. In an lissafa daga dashe zuwa yanka, ruwan da zai sha yana iya kusantar lita 1,000. Bido kusan 40 ke nan na lita 25, domin tushe ɗaya. Fagen da anka kawo shawara, mu ɗauka tushe 500 ne, idan ya girma zai nemi lita 4,000 a yini, bido 160 daga safe zuwa maraice. Wace rijiya ce cikin namu za ta ba da wannan a watan Maris, ta kuma shayar da mutane da bisashe? Ruwan sama da ke sauka a yankin Tawa a shekara bai cika wuce milimita 400 ba, kuma kun sani rijiyoyin tudu na da zurfi, na fadama kuma suna ja da baya tun watan Fabrairu.

Me mitar nan za ta ba mu? A ƙasashen da ya fi yi, atisho na ba da kilo ɗaya zuwa biyu a mita, kuma mun ce fiye da rabi ɓawo ne. Mita guda ta albasar Galmi tana ɗaukar tushe wajen 40, ta ba da kilo biyu zuwa huɗu cikin wata uku da rabi zuwa huɗu bayan dashe, da ruwan da bai kai na atisho ba. Ganyenta ma ba ya faɗuwa banza, ana daka shi a yi gabu. Salati kuwa wata ɗaya da 'yan kwanaki bayan dashe an fara ci, an fara kai kasuwa.

Na uku kasuwa. A Relizan manomi na yanka da safe, kafin azahar motoci sun kwashe, domin kowane gida na can ya san abin, ana dafa shi da nama da koren wake, ana zuba shi bisa kuskus. A kasuwar Tawa wa zai tambaye shi? A Badagishiri ko Illela wa zai taya? Masu saye 'yan kaɗan ne, a Yamai suke, manyan otal da baƙi, tafiyar sama da kilomita 500. Toho kuwa in an yanke shi ba a sa shi wuri mai sanyi ba, kwana kaɗan ya yanƙwane. Albasa tana jira cikin rudu wata da watanni har farashi ya tashi. Tumatir in ya yi yawa a yanka a shanya ya zama kauɗa. Guro da tonka a busar, a ci har wata kaka. A shekarar 2023, da anka rufe iyakokin Najeriya da Benin, masu albasa ma sun ji jiki, alhali kayansu na ajiyuwa kuma gida na cin sa. Ina ga mai kayan da ba ya ajiyuwa, maƙwabcinsa ma bai san yadda ake cinsa ba?

Kada wani ya ce kwamiti na ƙin sabon abu ne. Dattawan da ke nan sun fi mu sanin cewa rabin abin da ke garakenmu yau baƙo ne. Bayan farin 1984, shekarar da iyakar Najeriya ke rufe, hatsi bai yi ba kuma hanyar biɗa ta toshe, gwamnatin Seyni Kunce ta tashi haiƙan kan noman rani. An rarraba iri, an gina rijiyoyi, an kewaye fagage. Salati, shu, karoti da kwambitar, waɗanda a ƙauyuka da yawa ake ɗauka abincin ma'aikatan birni ne, tun lokacin sunka zama na kowa. A shekarar ce kuma babban aikin Keita ya fara, da taimakon Italiya da hukumar FAO, mata sunka ɗauki duwatsu a ka sunka tare ruwa a kan fako. A 1989 waɗansu manoman Illela sunka je Yatenga a Burkina Faso, sunka ga yadda ake haƙa ramu a fako ana zuba taki, sunka dawo sunka gyara tassa irin tamu da wannan dabara, ta bazu gona zuwa gona ba tare da an tilasta kowa ba. Duk waɗannan baƙin sun zauna ne don sun dace da ƙasarmu da ruwanmu da cikinmu. Masu tassa kuma a ɗan yanki sunka fara, sai da maƙwabta sunka ga hatsi tsaye inda da ko ciyawa ba ta fita, sannan kowa ya ɗauki hauya.

Akwai wata magana da ke yawo a wayoyi, wai atisho maganin ciwon hanta ne da ciwon suga. Abin da ke tabbas shi ne a Turai ana sarrafa ganyensa ana sayarwa domin kumburin ciki da rashin narkewar abinci. Wannan daban, warkar da ciwon hanta daban. Ciwon hanta irin na ƙwayar cuta, wanda ke cin mutanenmu shiru-shiru, ganyen atisho ba ya kashe shi. Mai shawara ko mai kumburin ciki ya tafi asibiti a auna jininsa, jarirai kuma a kai su rigakafi. Likitoci ma na hana mai tsakuwa a matsarmama shan ruwan ganyen. Muna faɗin haka ne don kada wani ya ajiye maganin likita ya koma ga tafasa ganye saboda ɗa ya aiko shi daga nesa.

Yanzu ga waɗanda iri ya riga ya iso gidajensu, da masu sha'awar gwaji. Ba mu ce a zubar ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma tushe biyar ko shida a bayan ɗaki ba za su talauta kowa ba. Ga yadda za a ba shi dama mafi kyau.

A duba sunan iri a jikin takarda. Wanda ya fi dacewa shi ne irin da anka shirya don ya yi toho a shekararsa ta farko, kamar wanda ake kira Imperial Star, da anka fitar a Kaliforniya ta Amurka a farkon shekarun 1990. Shi ne mai ƙarancin buƙatar sanyi. A shuka ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, kada a wuce haka, domin a tsere ma zafin Maris. Ba a watsa shi a fangali kamar salati. A sami 'yan ledoji ko gwangwanaye masu huji a ƙasa, a cika da ƙasa mai laushi da ruɓaɓɓen taki, a sa ƙwaya biyu a kowane, zurfin rabin gaɓar yatsa. Oktobanmu na da zafi, iri kuwa ba ya son tsirowa cikin zafi, don haka a ajiye su a inuwa mai iska, gefen randa ko ƙarƙashin rumfa, ana yayyafa ruwa. Yakan fito tsakanin kwana 10 da 20. In biyun sun fito a bar mai ƙarfi.

Bayan mako shida zuwa takwas, ya yi ganye huɗu ko biyar, sai dashe, wajen tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshensa. Ta haka zai shiga sanyin Disamba da Janairu yana matashi, lokacin da sanyi ya fi yi masa aiki. A zaɓi wuri mafi ƙasa kuma mafi sanyi a garkar. A haƙa rami kamu ɗaya faɗi, kamu ɗaya zurfi, domin saiwarsa na nutsewa ƙasa, a gauraya ƙasar da bokiti guda na takin da ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki na ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Tsakanin tushe da tushe mita guda. Kada a binne zuciyar tsiron, a bar ta daidai da fuskar ƙasa. A yi masa darni na kara ta gabas da arewa, inda hunturu ke bugowa. Wanda ya ga layukan dogon yaro da anka fara dasawa a kwarin Majiya tun 1975 ya san abin da tare iska ke yi ma shuka.

Tun da zai daɗe bai rufe filinsa ba, a dasa salati a tsakani. Kafin atisho ya baje an cinye salatin, ruwan da anka zuba bai tafi a banza ba. Wannan ita ce dabarar da ta fi kwantar mana da hankali a cikin gwajin duka, domin ko toho bai fito ba, mai garka ta ci wani abu.

Ban ruwa a gindi, kewaye da tushe, kada a zuba cikin zuciya. Ƙasa ta zauna da danshi amma kada ruwa ya kwanta. A rufe gindin da ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa, ana ɗagawa lokaci lokaci a duba gara. Babban abokin gabansa darɓa ce, takan taru a bayan ganye da cikin toho. A daka 'ya'yan dogon yaro, a jiƙa su kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da maraice. Muna roƙo kada a sayo maganin ƙwari na kasuwa marar takarda a fesa ma abin da ke tsakar gida, inda yara ke wasa, kaji ke kiwo. Daga tsakiyar Fabrairu a yi masa 'yar rumfa ta zana da za ta tare ranar azahar zuwa la'asar.

Wasu masu lambu a ƙasashen da sanyinsu bai isa ba sukan sa 'yan tsiron a wuri mai sanyin firji kwana goma kafin dashe, don su yaudare shi. Manyan manoma kuma na fesa wani sinadari da ke tilasta masa toho. Na farkon, wanda ke zaune Tawa yana da firji da wuta tsayayya yana iya gwadawa. Na biyun ba na garkar gida ba ne, a bar shi.

In Allah ya sa toho ya fito, a yanke shi tun yana dunƙule, ɓawonsa a matse, girman lemu ko ƙasa da haka. Kada a jira ya ƙara girma, zafinmu ba ya ba da wannan lokacin. A yanko da ɗan kara tsawon yatsa huɗu. Na tsakiya ke fara fitowa, shi ne babba, na gefe su biyo ƙanana. Wajen dafuwa, a ɓare ɓawon waje mai tauri, a yanke kan, a raba biyu, a kankare gashin. Yana baƙi nan da nan in ya sha iska, sai a jefa shi cikin ruwan da anka matsa lemun tsami. Daga nan a sa shi a miyar nama ko cikin dafa-duka, ya dahu kamar kwambitar. Kada ku yi mamaki in kun sha ruwa bayansa kun ji zaƙi-zaƙi a baki, halinsa ne. Ganyen kuma a miƙa ma tumaki.

Abu guda muke nema ga duk mai gwaji: a sa ɗan lakwal ya rubuta a littafi ranar shuka, ranar dashe, ranar da toho ya fito in ya fito, da yawan bido na ruwa a mako. A kawo mana littafin a taron bazara, wanda ya samu da wanda bai samu ba. Za mu kai ma malamin gona na kwamin ya duba tare da mu. In gida biyar sun gwada a wurare daban, fadama da tudu, za mu san abin da babu wanda zai iya faɗa mana daga nesa.

Game da asusu, ga ra'ayin kwamiti, taro ke da yanke hukunci. Kuɗin rijiya su tsaya a rijiya. A gama ta da siminti har ƙasa, a yi mata baki da murfi, abin da ya saura a sayi waya a kewaye fagen mata, domin darnin ƙaya kowace shekara sai an sake, itacen da ake sara kuma ƙarewa yake. In kuɗi sun ƙaru nan gaba sai a yi maganar famfo mai aiki da hasken rana, wanda ba ya neman mai kullum kamar injin ban ruwa. Cikin fagen a sa albasa, shu, salati, tumatir, guro da tonka, a jera zogale gefen shinge. Zogale muna son a ba shi muhimmanci har a cikin gidaje. Wata biyu zuwa uku da shuka an fara tsinka, in an sare shi ya sake tohowa, yana jure bazara, ruwan alwala da na wankin hatsi ma sun isa riƙe tushe biyu ko uku a tsakar gida. Kwaɗonsa yara na ci, masu jego na ci, kuma babu kasuwar da za a kai shi a dawo da shi.

Iyayenmu dattawa, ranku shi daɗe, ga namu roƙo gare ku. Filin da za a gina rijiyar aro ne. Mun ga a garuruwa da dama, fili na zaune ba mai kula da shi, ranar da rijiya ta ba da ruwa sai magada su taso. Tun 1993 ƙasarmu ke da dokar karkara, akwai kuma kwamitin filaye da ake kira Kofo, wanda ke rubuta aro, kyauta ko saye a gaban mai gari da shaidu. Muna so a yi takardar nan kafin a sa buhun siminti na farko, a rubuta shekarun aron, a rubuta cewa fagen na matan ƙungiya ne muddin suna aiki cikinsa. Mai fili mutumin kirki ne, ba shi muke tsoro ba, amma yau da gobe sai Allah, kuma kuɗin da za a binne a wurin gumin mutane da yawa ne. Wasunku sun tuna 2011, da yaƙin Libiya da rikicin Abijan sunka koro 'yan biɗa gida dubbai hannu wofi. A irin wannan shekara garkar da ke da rijiya da takarda ita ke riƙe gida.

Ku kuma 'yan'uwa na waje, abu biyu. Na ɗaya, lokacin aike. Kuɗin garka da sunka iso a Disamba sun makara, domin irin albasa tun Oktoba ake zuba shi, ya yi kwana 40 zuwa 45 kafin dashe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai niyyar taimaka ma garkar gidansu ya aiko kafin ƙarshen Satumba, ya kuma faɗa a fili cewa wannan na iri da taki ne, don kada ya narke cikin cefane. Na biyu, in za ku aiko iri, kowane iri ne, ku sayi wanda ke cikin takarda ko gwangwani a rufe, ku duba shekarar da ke jiki. Irin albasa musamman ba ya daɗewa, bayan shekara guda ƙarfinsa ya ragu ƙwarai. Kada a sa shi saman mota cikin rana a ƙetaro hamada da shi, a sa shi tsakiyar tufafi. Kuma kafin ku sayi wani baƙon iri da tsada, ku bugo waya ku tambayi wadda za ta yi ban ruwan ko tana da hali, domin ita ta san zurfin rijiyar bana.

Bayan sallar azahar za a dawo a ɗaga hannu kan batun asusu. Waɗanda ke waje su ba wakilin garinsu amsa, ya aiko ma magatakarda kafin ƙarshen wata. Masu irin atisho a gida kuma su tsaya bayan taro su ba da sunan unguwarsu, domin mu san inda za mu zagaya idan ɗari ya shigo.

Allah shi ba mu damana mai albarka.